Rasit da Sunan Khalifa

Takardar albashin da ma'aikata ke ba ma'aikacinta a ƙarshen Fabrairu shafi ɗaya ce tak. A nan Malesiya EA ake ce mata. Tana ɗauke da duk abin da aka biya mutum a shekarar da ta wuce, an rarraba shi gida-gida: ga albashi, ga alawus, ga abin da aka riga aka cire na haraji, can ƙasa kuma ga wani ɗan gida na kuɗin da haraji ba ya hawa kansa. Ku da kuke karatun akanta a kwalejojin garin nan kun sha gaya mini, in mun haɗu wurin shan shayi a shagon mamak, wato na Indiyawa Musulmi, a unguwar Sri Petaling, cewa sana'ata ta mutu. Wai mutum ya buɗe shafin hukumar haraji a wayarsa, ya kwafe lambobin da ke takardar, ya danna, an gama kafin shayinsa ya huce. Kwafewar ba ta da wuya, wannan gaskiyarku ce. Ni dai ba don kwafewa ake biyana ba. Ana biyana ne in duba ko wanda ya rubuta takardar ya zuba kowane kuɗi a gidansa.

A Kano na fara, ina riƙe wa 'yan kasuwar atamfa littafin shiga da fita. Na yi shekara shida a Jidda, inda ba a cire wa ma'aikaci harajin albashi, sai na koma rubuta wasiƙun kamfani da Larabci. Na zauna a Khartum, na zauna a Kumasi. A Khartum takarda ba ta tafiya sai ka bi ta da ƙafarka daga tebur zuwa tebur. A Kumasi jami'i zai zauna ya yi gardama da kai har ku saba. A nan kuwa ba mai gardama da kai. Kai za ka ƙiyasta harajinka da kanka, a karɓa ba tambaya, har a maido maka da rara cikin asusunka. Sai an kwana biyu, ka manta, wasiƙa ta zo cikin ladabi a ce ka kawo rasit.

Ina da shekara arba'in da bakwai na koma ɗan koyo a hannun wata tsohuwa 'yar China, Madam Chong, mai lasisin harkar haraji, a saman wani shagon yadi a Chow Kit. Wata huɗu ba ta bar ni na taɓa kwamfuta ba. Ta ba ni rula ta ƙarfe da fensir da gwangwanin biskit cike da rasit na wani direban tasi, ta ce in jera su wata-wata. Rasit ɗin shagunan nan a wata takarda mai santsi ake buga su, zafi da laimar garin suna cinye rubutun cikin 'yan watanni, ga doka ta ce a ajiye su shekara bakwai. Don haka aikin farko kwafi ne: kowane rasit a ɗora shi a inji, a manna na asalin a gefen kwafinsa. Rular kuma ta karanta takarda ce layi-layi, don kada ido ya tsallake. In ta kama ni ina karatu ba rula, sai ta buga tebur da yatsa sau biyu. Da ta ajiye aiki ɗan ƙanenta ya karɓi ofis, ni kuma aka bar mini duk wani ɗan Najeriya da ya hawo benen.

Kuɗin lafiya shi ne inda mutanenmu suka fi tuntuɓe. Idan ma'aikatarka ta biya asibiti kai tsaye, ko ta maido maka abin da ka kashe bisa rasit, na kanka ko na matarka ko na 'ya'yanka, wannan ba albashi ba ne, haraji ba ya hawa kansa. Idan kuwa wani abu take ƙara maka duk wata da sunan alawus ɗin lafiya, ko ka yi ciwo ko ba ka yi ba, albashi ne aka sauya wa riga, za a cire masa. Abin da ya fita daga aljihunka ba wanda ya maido maka, shi kaɗai za ka nemi rangwame a kansa, shi ma ba kowane ciwo ba, kuma yana da iyaka. Mu muna ƙara wani da doka ba ta sani ba, wato abin da muke aikawa gida don jinyar iyaye. Kusan kowace shekara sai na gaya wa wani malamin jami'a cewa rangwamen jinyar iyaye na iyayen da ke zaune a ƙasar nan ne, aka kuma yi musu magani a nan. Wani ya taɓa ce mini, "To Baba, tsohuwata da ke Gumel ba uwa ba ce?" Na ce uwa ce mana, amma ba a fom ɗin nan ba.

Shekarar korona ta farko an rufe ofis, an kafa shingen 'yan sanda a tituna, na koma aiki a teburin cin abincin gidana. Mutane suka riƙa ɗauko rasit a hoto a kan darduma suna turo mini, rabin lambobin a dishe, wani har da babban yatsansa a kan jimilla. Aka ƙara sababbin gidaje a fom na kuɗin gwaji da na rigakafi, kowa ya ɗauka duk abin da ya saya a kemis ya shiga ciki, har zuma da habbatussauda. Amma abin da ya sauya sana'ar ba wannan ba ne. Ɗalibai sun daina zuwa daga waje, kwalejoji masu zaman kansu suka fara sallamar malamai baƙi. Baƙo kuwa in zai bar aiki ya bar ƙasa, ma'aikatarsa tana riƙe duk abin da ya rage masa, albashin ƙarshe da kuɗin sallama, har hukumar haraji ta fitar da takardar wanke shi. Da ina yin irin wannan aiki sau uku ko huɗu a shekara. A shekarar korona ta biyu shi ya zama abincina.

Aikin Dakta Nasiru a lokacin ya zo. Malamin injiniya ne a wata kwaleji, shekararsa goma sha ɗaya a nan, da matarsa da 'ya'ya uku. Bai taɓa kawo mini takarda ba. In mun haɗu a masallacin Juma'a sai ya ce, "Baba Akawu, har yanzu akwai masu biyanka ka yi musu lissafin 'yan firamare?" Wata safiya ya kira ni.

"Baba Akawu, kana gida?"

"Ina zan je, Dakta? Ko su masu shinge sun san ina gida."

Ya zo, muka zauna a bencin siminti na ƙasan benenmu, kowa da takunkumi a fuska, da tazarar mutum biyu a tsakani. Kwalejin ba ta sabunta masa kwangila ba. Bizarsu, shi da iyalinsa, saura mata mako shida. Kuɗin da aka riƙe masa shi ne kuɗin tikitin mutum biyar, a lokacin da jirage suka yi ƙaranci farashi ya yi sama, ga gwajin da ake yi wa kowa kafin tashi. In biza ta ƙare suna nan, sun zama masu zaman da ya saɓa doka, da tara da hanin dawowa. Takardar wankewa kuwa ta maƙale. Hukumar ta rubuto masa cewa abin da ya ce ya samu a bara bai kai abin da kwalejinsa ta rubuta ba, ya kawo bayani da rasit.

Na ɗora rula a kan takardar albashinsa. A gidan alawus na ga wani adadi da ya fi ƙarfin alawus ɗin malami.

"Wannan fa?"

"Kuɗin jinyar Khalifa ne."

Khalifa shi ne ɗansa na fari, shekararsa goma sha biyu, yana da sikila. A shekarar kulle ciwon ya riƙa tashi a kai a kai. Manyan asibitoci sun cika da masu korona, iyayen suna tsoron kai shi can, sai wani ƙaramin asibiti na unguwarsu ya riƙe shi. Likitan ya san yaron tun yana ƙarami, yana sa masa ƙarin ruwa da allurar rage zafi, wani lokaci har gida yake zuwa. Dakta ya biya, ya kai rasit, kwalejin ta maido masa.

"Kuɗin magani ba ya ɗaukar haraji," in ji shi. "Ai na karanta dokar. Shi ya sa na cire shi da kaina kafin in shigar da lambar."

Na buɗe fom ɗin da ya cike. Ya cire shi daga albashi, sannan can ƙasa, a gidan rangwamen jinyar babban ciwo, ya sake shigar da shi.

"Dakta, wa ya biya likita?"

"Ni."

"Wa ya maido maka?"

Ya ce kwaleji ce.

"An ba ka shayi kyauta, ka kuma kai wa gwamnati rasit ɗin shayin."

"Baba Akawu, ba lokacin wasa ba ne."

"Ba wasa nake ba. Wannan na biyun ba shi da magani. Za mu gyara, ka biya abin da ya hau kai da tararsa. Na farkon ne nake so in san dalilinsa. Me ya sa kwalejinku ta zuba kuɗin magani a gidan alawus?"

Bai sani ba, bai kuma taɓa tambaya ba. Ya ɗauka kuskuren akawu ne, ya gyara musu a zuciyarsa. Abin da ba a yi ke nan a sana'ar nan. Takardar albashi shaidar ma'aikata ce, kwafinta yana wurin hukuma. In ta yi kuskure, ita za ta sake rubutawa ta sa hatimi. Kai ba ka da ikon rage ko sisi, ko da gaskiyarka. In kuwa adadin ya zauna a gidan alawus, harajinsa da tararsa za su cinye tikitin mutum biyu cikin biyar ɗin.

Sai da na yi kwana uku kafin in samu matar da ke riƙe da albashi a kwalejin, tana aiki daga gida, ina jin ƙarar tukunya a bayanta. Ba ta yi kuskure ba. Ta ce a jerin iyalin da Dakta ya ba su akwai 'ya'ya uku, Abdulmumini da Safiya da Yusuf. Rasit goma sha ɗaya da ya kawo kuma duk da sunan Khalifa Nasiru. "Wane ne Khalifa?" in ji ta. Shugaban kwalejin ya ce a biya shi don halin da ake ciki, ta biya. Amma ba za ta rubuta jinyar ɗansa ba alhali sunan ba ya cikin 'ya'yansa, sai ta rubuta shi a matsayin tallafi, tallafi kuwa haraji yana hawa kansa.

Da na gaya wa Dakta sai ya ce, "Haba! Ai kowa ya san Khalifa!"

Na ce, "Kowa a Sri Petaling."

Yadda abin ya samo asali, shekara tara kafin nan yaron ya yi zazzaɓi Dakta yana aji, fasfo ɗinsu kuma suna ofishin sabunta biza. Uwar, Hajiya Hadiza, ta ɗauke shi ta kai wannan asibiti. Aka tambaye ta sunansa, ta ce Khalifa. Aka buɗe kati, ta sa hannu, ba a sake neman fasfo ba. Ku da kuka tashi a nan wataƙila ba ku san nauyin abin ba. Yaron ɗan fari ne, kuma sunan kakansa ya ci, mahaifin Dakta. A gidan da Hajiya ta fito mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta kama na surukinta, a nan kuwa sunayen biyu sun haɗu a bakin mutum ɗaya. Na ga makamancin haka a wurare. 'Yan Malay suna kiran ɗan fari Along a gida, a Kumasi ranar haihuwarka tana bin ka har cikin takarda, a Jidda uwa da sunan ɗanta ake kiranta. Amma duk cikinsu ban ga inda uwa za ta tsaya gaban mai rubutu ta kasa furta sunan da ke fasfo ba sai a wurinmu.

Hanyar gyara ɗaya ce, kuma sai an bi ta a jere. Likita ya rubuta cewa Khalifa da Abdulmumini mutum ɗaya ne, kwaleji ta sake takardar albashi, sannan in kai wa hukuma. Likitan ya ce ya san yaron kamar ɗansa, amma ba zai taɓa katin shekara tara ba sai da takardar rantsuwa daga wadda ta sa hannu a kai. Na rubuta rantsuwar, layi shida. Masu rantsarwa kaɗan ne suke buɗewa a lokacin, kuma sai da alƙawari. Muka samu wani a Bukit Bintang, ranar Talata ƙarfe goma na safe, saura kwana ashirin da uku biza ta ƙare.

Ofishin yana hawa na uku na wani gini da duk shagunansa ke rufe. Mai rantsarwar dattijo ne ɗan Malay, yana zaune bayan gilashin roba. Ya karanta takardar, ya dube mu mu biyu maza, ya dubi Hajiya. Ya ce ba zai sa hatimi ba sai ya ji daga bakinta: mene ne sunan ɗanta a fasfo? Na fassara mata. Ta dubi ƙasa.

Dakta ya tura fasfon yaron ta ƙarƙashin gilashi, ya ce da Turanci ga shi nan a rubuce. Dattijon ya ce shi ma ya iya karatu. Takardar ta ce ita ce ke rantsuwa, yana so ya tabbata ta san abin da za ta sa wa hannu, ba abin da maza biyu suka kawo mata ba.

"Hajiya, ki faɗa mana kawai," in ji Dakta. "Suna ne fa. Mahaifina shekararsa takwas da rasuwa."

"Kai ka taɓa jin sa a bakina?"

"To yau ki fara. Kin san kwanakin da suka rage mana?"

"Na sani. Ni nake ƙirga maganin yaron, na san ranar da zai ƙare."

Na juya na yi wa dattijon bayanin al'adar da yaren Malay. Na tambaye shi ko za ta nuna da yatsa, ko ta rubuta. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya fahimta, kuma ba ya so ya kunyata kowa, amma mai nuni da yatsa yana nuna abin da aka nuna masa ne. In ba ta shirya ba mu dawo wata rana. Wata ranar a littafinsa bayan mako biyu ce, ga likita da kwaleji da hukuma duk suna gaba. Na fara mayar da takardu cikin fayil.

Sai Hajiya ta ce, "Baba, ku ɗan ba mu wuri, kai da shi."

Na ce, "Wa zai yi miki tafinta?"

Ta juya ga dattijon ta yi masa magana da yaren Malay, irin na kasuwar Chow Kit, wanda ake cinikin kifi da shi. Ta ce ta gane tambayar, ya sake yi mata ita bayan mun fita. Dattijon ya ce, "Boleh," wato ya yarda.

Muka fita muka tsaya a baranda muna kallon rufaffun shaguna. Dakta, wanda a shekara goma sha ɗaya bai wuce gaisuwa da godiya a yaren ba, ya ce, "Baba Akawu, yaushe ta iya wannan?"

"Wa yake zuwa kasuwa a gidanku?"

Ƙofar ta gilashi ce. Hajiya ta juya mana baya, ba mu ga bakinta ba, ba mu ji komai ba. Ba a yi minti biyu ba muka ji bugun hatimi sau biyu. Ta fito, ta wuce mijinta, ta miƙo mini takardar.

"Ga ta, Baba. A kai wa likita."

Likita ya rubuta wasiƙarsa a ranar. Kwaleji ta ɗauki kwana huɗu ta fitar da sabuwar takardar albashi, kuɗin ya sauko daga gidan alawus. Na gyara fom, na cire rangwamen da Dakta ya nema sau biyu, na haɗa kwafin rasit goma sha ɗaya da rantsuwar da wasiƙar likita, kowanne da lambarsa, na shigar. Takardar wankewa ta fito saura kwana tara. Tarar rangwamen ta cinye abin da ya ware don aika kaya ta jirgin ruwa, don haka littattafansa kwali bakwai ba su tafi ba. Tikiti biyar dai an saya.

Ranar tafiyarsu suka biyo ta wurina a motar haya don ajiye kwalayen. Muna sauke na ƙarshe Dakta ya ɗaga murya yadda za a ji a cikin mota.

"Baba Akawu, ka san har yau ta ƙi gaya mini abin da ta faɗa wa mutumin nan?"

Hajiya tana kujerar baya da jakar maganin yaron a cinyarta. Ta ɗan sauke gilashi.

"Yana cikin fasfo," in ji ta. "Shafi na biyu. Shigo mu tafi, kada jirgi ya bar mu."